Sunan da Iya Ta Raɗa wa Dabbar Teku

Shekaranjiya jikata, wadda take koyar da yara a firamare, ta shigo ɗakina da waya a hannu, wai tana shirya darasin dabbobin ruwa da Hausa, guda ɗaya ta gagare ta. Na sa tabarau na duba, sai ga wata halitta sumul, baƙa-baƙa, tana ɓullowa daga ruwa tana komawa. Ta ce iri biyu ne, akwai mai dogon baki akwai mai gajere, kuma wayar ta gaya mata wai sunan wannan ɗin aladen teku ne. Na ce mata wayar nan taki ba ta da tarbiyya. Ta yi dariya, ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ni kuwa raina ya sosu ƙwarai, don dabbar nan tana da suna a bakinmu tun ba a haifi uwar yarinyar ba, kuma a kan idona sunan ya shiga bakin mutane, a Fagge, a tsakar gida. Abin da ya tsorata ni shi ne da na zauna ina tuno waɗanda suka san shi, sai na ga saura ni kaɗai.

Faggen da na tashi a cikinta ba wannan ba ce da mutum ba ya jin maganar na kusa da shi saboda ƙahon mota da kukan janareta. A lokacin komai ana jin sa. Bayan sallar asuba sai ƙarar guga a bakin rijiya, sai lugude daga gida uku ko huɗu, kowace mace an san sautin taɓaryarta. In hantsi ya dubi ludayi jirgin ƙasa ya yi kuwwa daga tasha, 'yan dakon gyaɗa su ɗauki waƙa, raƙuman Buzaye su yi ta gurnani a zango kamar an yi musu laifi. Aikina shi ne ɗebo ruwa a famfon unguwa, da wanke-wanke da toka, da tsince tsakuwa daga shinkafa, da kuma jan kakata duk inda za ta, saboda idanunta sun yi yana, ba ta ganin komai sai inuwa. Iya muke ce mata. 'Yar firit ce, ga tsabta ga baki. In na cika sauri takan fizgo ni ta ce, “Ke, bi a hankali. Ni da na taka har Gabas ban yi wannan rawar ƙafar ba.”

Da ƙafa ta tafi aikin Hajji, ita da kakanmu, tun tana da ƙuruciyarta. Suka bar mahaifina wurin 'yan uwa, suka bi ta Barno, suka yi ta tafiya suna tsayawa suna ƙodago, in guzuri ya taru su ƙara gaba. A ƙasar Sudan, wurin tsinkar auduga, zazzaɓi ya kama kakanmu. Kafin ya cika ya riƙe hannunta ya ce kada ta juya, ta ƙarasa, ta tsaya a Arfa ta ambaci sunansa. Ta yi masa alkawari. Shekara bakwai ta yi kafin ta dawo Fagge, ita kaɗai, ba haƙorin Makka, ba akwati, ba takarda, daga ita sai ƙunshin tsummoki da 'yar gorar zamzam. Labarin da ta fi so ta bayar shi ne na ranar da ta hau jirgin ruwa na katako a Suwakin za su Jidda. Ta ce kowa da mai raka shi bakin ruwa, ana ta ɗaga hannu ana addu'a, ita kuwa babu ko mutum ɗaya da zai ce mata Allah ya kiyaye hanya. A wurinmu kuwa ko wuta mutum ya shigo ɗiba akan taka masa zuwa soro, balle mai tafiya ɗakin Allah. Ta zauna a gefen jirgin tana kuka, sai ga waɗansu halittu sun taso daga ruwa, sun jeru dama da hagu, suna tafiya tare da su. Ta ce kamar kifi suke amma ba kifi ba ne, ba su da ɓawo, da 'yar ƙofa a tsakar kansu da suke numfashi da ita, wutsiyarsu a kwance take ba a tsaye ba. Suka bi su har aka fara hango ƙasa, sannan suka juya. Tun daga ranar take ce musu 'yan rakiya.

Da ana sauraron labarin nan da ladabi. Abin ya lalace ne da aka fara tafiya ta jirgin sama. Jiragen ta kanmu suke bi, kwanukan ɗaki har rawa suke. Mutum ya tafi yau, kafin a cinye buhun gero ya dawo Alhaji, da haƙorin zinare da akwatin ƙarfe mai fenti. Cikin na farko-farko a unguwarmu akwai Hajiya Talatu, matar wani dillalin gyaɗa, mace mai kyauta amma ba ta iya riƙe bakinta. Wata rana a gidan suna Iya tana cikin ba da labarin 'yan rakiya, sai Hajiya Talatu ta ce, “Ikon Allah. Ni dai na haye tekun nan zuwa da dawowa, ban ga kifi mai hanci a ka ba.” Mata suka tuntsire da dariya. Kowa kuwa ya san da yawa cikin masu tafiyar ƙafa a Sudan suke maƙalewa, su yi shekaru, su juyo ba su ga Ka'aba ba. Kafin mako ya zagayo an laƙaba wa kakata Hajiyar Kartum. A gabanta su ce Iya, ta ba da baya su ce Hajiyar Kartum. Ba wanda ya ƙara ce mata Hajiya zalla.

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Ni ma na faɗa. A bakin famfo ne, 'yan mata sun sa ni a tsakiya suna tambayata ko kifin kakata yana shan taba ta ƙofar kan nasa, ni kuwa don in tsira na ce, “Ku rabu da Hajiyar Kartum da tatsuniyarta.” Aka yi shewa, na ji daɗi na ɗan lokaci. Na manta famfon jikin katangarmu yake. Da na shiga gida na tarar da ita zaune tana jan carbi kamar ba ta ji ba. Amma daga ranar ba ta ƙara ba da labarin ba, ko an roƙe ta. Ta rage shiga mutane, ta rage ci. Ina da shekara goma sha uku lokacin, na isa in san abin da na yi, kuma kunyarsa ta zauna mini a ƙirji kamar ɗanyen tuwo.

Ana nan ana nan, gab da babbar salla, mahaifiyata ta aike ni kasuwar Sabon Gari wurin Mama Risika mai atamfa. Bayarabiya ce, amma a Fagge aka binne cibiyarta, Hausa a bakinta har ta fi tawa. Takan saro kaya a kantunan Kwari ta kasa a rumfarta, waɗansu kuma ta bi gida-gida da su saboda matan da ba sa fita. 'Yan yanzu sai su ɗauki hoton zane a waya su ce a ba su irin wannan. Mu a zamaninmu zane da sunansa ake sayen sa. Mace tana cikin ɗaki za ta aika a kawo mata turmin ganyen kuka, ko mai tsani, ko idon zabuwa, kuma ba za a kawo mata wani daban ba. Masu sayarwa da masu ɗaurawa su ke raɗa sunan, ba Turawan da suka buga ba. Zanen da ya yi dacen suna ya ƙare a mako, wanda bai samu ba ya tsufa a rumfa, wanda kuwa aka yi wa mugun suna ko kyauta ba a so.

Ina tsaye tana auna mini abin da aka aiko ni, sai idona ya faɗa kan waɗansu turame a can ƙasa, an juya su ciki waje. Na jawo ɗaya na buɗe. Shuɗi ne mai duhu, da igiyoyin ruwa farare, ga waɗansu halittu jere-jere sun lanƙwasa baya suna fitowa daga ruwan. Na duba kansu, ga ɗan ɗigo a tsakiya da feshi yana tashi. Na duba wutsiya, a kwance. Na tsuguna a wurin.

Mama Risika ta ce, “Ajiye wannan, 'yata, ba ya sayuwa. Mai kantin ne ya yi suɓul da baka ya ce a Larabcinsu alhanzir ɗin teku suke ce masa, wani ya ji ya baza. Wace Musulma ce za ta ɗaura alade ta je idi?”

Na ce, “Mama, ba alade ba ne. 'Yan rakiya ne.”

Ta ce, “Su wa?”

Na kwashe labari na gaya mata, har da abin da na faɗa a bakin famfo, ina yi ina share hawaye da gefen mayafi. Da na gama ta ce jibi za ta kai kaya gidan Hajiya Talatu, za a zaɓi ankon bikin 'yarta, duk matan unguwa za su hallara. Ta ce in kawo Iya, amma kada in kuskura in gaya mata abin da na gani. Na amsa, amma hankalina bai kwanta ba. In Iya ta buɗe baki ta faɗi abin da bai dace da zanen ba, a gidan Hajiya Talatu, a gaban kowa, to sunan nan ya bi ta ke nan har kabari, kuma ni na kai ta. Gaskiyar magana, ni kaina ban gama yarda ba.

Da ƙyar ta yarda ta fita. Bayan la'asar muka isa, tsakar gida cike da mata, ga tabarmi, ga darduma guda ɗaya da Hajiya Talatu take kai. Aka ba Iya wuri can gefe kusa da randa. Mijin Mama Risika, Baba Raimi, shi ya kawo kayan a kan keke, ya zauna a soro yana jira tun da namiji ba ya shiga. Aka yi ta buɗe zannuwa ana yabawa ana kushewa. Can Mama Risika ta ɗauko turmin nan a naɗe ta ɗora a cinya, ta ce, “Akwai wani zane nan da ya rasa suna. An ce mini akwai wadda ta san abin da ke jikinsa. Iya, dabbobin nan da kika gani a teku, yaya kamanninsu?”

Waɗansu suka fara ƙunshe dariya. Iya ta juyo da fuskarta wajena, ko da yake ba ta ganina, ta daɗe a haka. Na ce a raina shi ke nan, za ta tashi. Sai ta gyara zama ta fara, a hankali, ba ta ƙara ba ta rage ba. Bayansu a lanƙwashe, da ƙaya guda a tsakiyar gadon baya. Ba ɓawo. Ƙofar numfashi a ka. Wutsiya a kwance, sama da ƙasa suke kaɗa ta. Ba sa tafiya ɗai-ɗai. Tana rufe baki Mama Risika ta miƙe ta warware zanen, ni na kama gefe guda, muka shimfiɗa shi a tsakar gida. Mata suka taso suka sunkuya a kai. Wata ta sa yatsa a kan ɗigon, wata ta bi wutsiyar da farce. Ba ka jin komai sai kaji.

Hajiya Talatu ta ce, “Yo ai jikarta ta gani a kasuwa ta gaya mata. Kuma ko ba haka ba, wannan ai shi ne aladen nan da ake faɗa.”

Iya ta ce, “Shekara nawa kuna jin labarin nan a bakina, zanen ko a mafarki ba a buga shi ba. Batun alade kuwa, ga su can bayan Sabon Gari, ku je ku gani, ku dawo ku gaya mini wanda suka taɓa rakawa.”

Sai muka ji gyaran murya daga soro. Baba Raimi ne. Ya yi sallama, ya nemi gafara, ya ce shekara goma sha ɗaya ya yi yana aikin jirgin ruwa daga Ikko kafin ya dawo Kano, yana da tambaya in an ba shi izini. Mata suka ja mayafai, aka ce ya yi.

Ya ce, “Mama, in sun fito, wane irin sauti suke yi?”

Iya ta cika kumatu ta fesar da iska, fuhh, gajere, kamar mutum ya taso daga nutso.

Ya ce, “Ɗan ƙaramin fa, a ina yake tafiya?”

Ta ce, “Manne da haƙarƙarin uwar. Ta fito ya fito, ta nutse ya nutse.”

Ya ce, “A wane wuri suka fi son zama a jikin jirgi?”

Ta ce, “A goshi, inda yake tsaga ruwa. Har ture juna suke a kan wurin, kamar yara a bakin famfo.”

Da ta ce famfo na sunkuyar da kai. Muryar Baba Raimi ta dawo daga soro, ta canza. Ya ce, “Wannan ba ya jikin zane, kuma ba a ganin sa a kogi, ko na Kartum ko na ina. Sai wanda ya hau ruwan gishiri. Ni ma na ratsa tekun nan, amma ban samu sauka ba, daga nesa na hango Jidda. Hajiya, don Allah ki sa ni a addu'a.”

Hajiya ya ce, bai ƙara komai ba. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, ko ranar aurena, ko ranar da na haifi ɗan fari. Ji nake kamar in hau katanga in gaya wa Fagge kaf cewa wannan 'yar tsohuwar da ke kusa da randa kakata ce.

Zan yi wa Hajiya Talatu adalci, don ta riga mu gidan gaskiya. Ba ta yi musu ba. Ta tashi daga dardumarta, ta je da kanta ta kamo hannun Iya ta zaunar da ita a kai, ta ce, “Mu ta sama muka bi, Hajiya, gajimare kawai muka gani. Ki yafe mini.” Iya ta ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya. In za ki koma ki riƙa leƙa ƙasa.” Aka yi dariya, irin wadda ba ta da ciwo. A wurin aka tsayar da zanen nan shi ne anko. Ranar bikin, mata fiye da yadda zan iya ƙirgawa suka raka amarya ɗaure da 'yan rakiya. Turamen suka ƙare, aka sake sarowa. Daga Fagge sunan ya shiga Sabon Gari, ya kai Kwaciri, har matan da ba su taɓa jin labarin Iya ba suna aikawa a kawo musu 'yan rakiya. Yaran makaranta in sun ga dabbar a littafi haka suke kiran ta, har da 'ya'yan Kiristocin da iyayensu ke aikin reluwe. Ɗaya ɗan rakiya, da yawa 'yan rakiya, ba ruwanmu da tsawon baki.

A hanyar komawa gida ranar, ina jan ta, na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai ta riga ni. Ta ce, “Na ji ki ran nan. Ido ne ya tafi, kunne yana nan.” Na fashe da kuka a tsakiyar titi. Ta ce, “Yi shiru, mutane na kallo. Kin ɗauka sunan Hajiya nake wa baƙin ciki? In an ce ban haye ba, ai cewa aka yi na ci amanar kakanki. Shi ne abin da ya hana ni cin abinci.” Ta matse hannuna ta ce, “Yau kuwa ki gaya wa uwarki ta ƙara mini tuwo.”

Bayan shekaru masu yawa ni ma Allah ya nufa na je, ta jirgin sama. Na roƙi wata yarinya ta bar mini kujerar taga. Da aka ce mun kai kan teku na manna goshina a gilashi har wuyana ya ƙage, ban ga komai ba sai shuɗi. A nan na gane Hajiya Talatu ma ba ƙarya ta yi ba. Mun samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma abin da muka wuce ta kansa ba mu gani ba yana da yawa. Yanzu rumfar Mama Risika ba ko alamarta, famfon an tone shi, kantunan Kwari sun zama benaye, zane kuma lamba ake kira ba suna ba.

Na tashi na buɗe adakata, na ciro ɗan ƙyallen da ya rage mini, ya koɗe har shuɗin ya koma toka-toka, na shimfiɗa wa jikata a kan gado kusa da wayarta. Ta dubi wannan ta dubi wancan, ta daina dariya. Ta ce, “To Hajiya, in na rubuta 'yan rakiya a allo, shugaban makaranta ya tambaye ni a wane ƙamus na samo, me zan ce?”

Na ce, “Ki ce wadda ta gan su da idonta ce ta raɗa, kakar kakarki. In ya ce wace ce, ki ce Hajiya. Kada ki ƙara komai a bayansa.”